'Ya'yan 'Yan Cirani da Makaranta: Aikin Zakka da Aikin Waƙafi

Kowace shekara, idan aka gama yankan dawa hunturu ya kankama, sahun sallar Asuba a masallatan Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku yakan ƙaru da baƙin fuska. Limamai da ladanai sun san su, wasu ma har da sunayen garuruwansu. Su ne 'yan cirani, manoman da suka killace amfanin gona suka taho birni neman abin da zai riƙe gida kafin ruwa ya sake sauka. A cikinsu ake samun 'yan garuwa masu tura kura a lungunanmu, da 'yan dako a tashar Unguwa Uku da kasuwar 'Yan Lemo, da leburorin gini, da masu gadi, da masu yankan farce da wankin takalmi a bakin titin Zariya. Unguwa tana cin moriyar ƙarfinsu, kuma akan tuna da su lokacin rabon abincin buɗa-baki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne a wane aji yaran da ke biye da su suke.

Kwamitin amintattu na wannan gidauniya ya amince a sanya karatun waɗannan yara cikin ayyukan shekara mai zuwa. Tun kafin a fara, wasu daga cikin masu ba da gudummawa sun yi mana tambayoyi masu ma'ana. Ashe ba kyauta gwamnati take karantarwa ba? Ya halatta a kashe zakka a kan makaranta? Me ya sa za a fifita baƙo alhali ga 'ya'yan unguwa suna zaune a ƙasa a aji? Domin amsa waɗannan tambayoyi muka rubuta wannan bayani.

Cin rani jiya da yau

Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma asalinta dabara ce ta tattali. Magidanci ko saurayi yakan bar gida da rani domin ya rage baki a kan rumbu, ya ci abinci a wani wuri, ya komo da kuɗin haraji da na sutura da na iri. A ranin 1952 zuwa 1953 hukumar Lardin Sakkwato ta tsayar da masu ƙidaya a kan hanyoyin fita daga lardin, aka lissafa sama da mutum dubu 250 da suka ratsa. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya mai suna Mansell Prothero shi ya nazarci wannan ƙidaya ya wallafa sakamakonta. Mafi yawan waɗanda aka ƙirga a lokacin maza ne majiya ƙarfi, mata da yara suna gida.

Yanzu hoton ya sauya. Har gobe mazan da suka zo su kaɗai su ne suka fi yawa, amma iyalai ma suna tahowa. Rashin tsaro a Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato ya sa magidanci ba ya iya barin mata da yara a ƙauye ya tafi da kwanciyar hankali. Akwai zawarawa da matan da mazansu suka rasu, waɗanda kan zo aikatau da wanke-wanke da surfe, da goyo a baya da wani riƙe a hannu. Akwai masu tsallakowa daga Jamhuriyar Nijar, daga yankunan Maraɗi da Damagaram. Sannan tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure yana jawo iyalai zuwa dashen tumatir da tsinkarsa da yankan shinkafa, wasunsu kuma idan aikin fadama ya yi sauƙi sai su gangaro cikin gari.

Yaran da abin ya shafa kashi uku ne. Akwai waɗanda suka zo tare da iyayensu, su ne muke gani a kangaye da shagunan da ba a gama ginawa ba. Akwai 'yan shekara goma sha biyu zuwa sama da suka zo neman na kansu, maza a bola-jari da tura baro, mata a aikatau. Akwai kuma waɗanda aka bari a ƙauye, inda yaro yakan maye gurbin uba wajen kiwo da ɗebo ruwa. Ya kamata a rarrabe dukkansu da almajirai. Almajiri an danƙa shi ga malami domin karatu, yana da allo, yana da wanda za a tambaya game da shi. Ɗan ɗan cirani kuwa yana tare da uwa ko uba, ba a kawo shi karatu ba, don haka duk wani shiri da aka yi wa almajirai yakan tsallake shi.

Shekarar makaranta da shekarar manomi

Tushen matsalar yana cikin lissafin watanni, kuma duk wanda ya ɗauki kalanda zai gan shi. Makarantun firamare a Kano suna buɗe sabuwar shekara a Satumba. Zangon farko yana ƙarewa a Disamba, na biyu yana kamawa daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku kuma yana kaiwa Yuli, lokacin da ake jarrabawar wucewa aji na gaba. Shekarar manomi kuwa ruwa ne ke raba ta. Yakan baro gida a Nuwamba ko Disamba bayan kaka, ya koma a Mayu ko farkon Yuni domin sharar gona da shuka.

To a duba yaron da ke bin ubansa. Ya iso Darmanawa zangon farko ya kusa ƙarewa, an rufe rajista tun Satumba, an ma fara shirin jarrabawa. Idan an yi sa'a an karɓe shi a Janairu, zai samu zango na biyu cikakke, ya taɓa makonni kaɗan na zango na uku, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas a ce a ɗaura kaya. Jarrabawar ƙarshen shekara ba da shi za a yi ba, saboda haka a takarda bai gama ajin ba. Ya koma ƙauye a lokacin da ake bukatar hannunsa a shuka da noman fari. Kafin a farga an yi dogon hutu. Makaranta ta buɗe a Satumba ana tsakiyar girbin gero, ga cirar gyaɗa da roron wake na biye. Ya ɗan leƙa aji a Oktoba, Nuwamba ta yi, an sake kama hanya. Watanni shidan da yake da sarari a birni yake yin su, inda ba a san da shi ba. Watanni shidan da yake inda aka rubuta sunansa kuwa, gona da hutu sun cinye su.

Irin wannan yaro yakan yi shekara uku ko huɗu yana maimaita aji biyu, har ya girme wa 'yan ajin, kunya ta sa ya daina zuwa. Wani abin takaici kuma, sunansa yana nan a rajistar makarantar ƙauye, don haka idan aka zo ƙidayar yaran da ba sa zuwa makaranta, ana iya lissafa shi cikin masu zuwa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa makaranta a Nijeriya, hukumar UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20 da ta haɗa har da 'yan shekarun sakandare. Kowane aka ɗauka, akwai yaran da suka faɗa tsakanin rajista biyu.

A kan matsalar watanni sai wasu su hau. Shugaban makaranta zai nemi takardar canjin makaranta da takardar haihuwa, uban kuwa bai taɓa sanin ana karɓo ta farko ba, ta biyun kuma ba a yi ba tun asali. Karatu kyauta ne, amma kayan makaranta da takalmi da littattafan rubutu ba kyauta ba ne, kuma mutumin da ya zo tara kuɗin taki zai yi ta jujjuya maganar ɗinka wa yaro kayan da zai sa na wata huɗu kacal. Yaron da ya fara karatu a Nijar da Faransanci ya fara, ga shi an sa shi gaban allon Turanci. Azuzuwanmu a cike suke, ba ma ganin laifin malamin da ya ga ƙarin yaro a tsakiyar shekara ya yi ajiyar zuciya. Sannan akwai tsoron rubuta suna. Mutanen karkara ba su manta da 2020 ba, lokacin annobar korona, da aka riƙa kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Wanda ya ga haka, idan baƙo ya zo masa da littafi da biro yana tambayar 'ya'yansa nawa, zai ce ba shi da ko ɗaya.

Abin da doka ta ce

Ta fuskar doka babu abin da ya hana waɗannan yara karatu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan asalin gari ba, har ma ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi. A Satumbar 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a Kano, a Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna, tana kula da 'ya'yan makiyaya da masunta da manoma masu ƙaura, amma makarantunta a rugage da mashekarai da bakin ruwa suke. A 2023 an sa hannu a dokar kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da wannan yawan hukumomi, yaron da ke kwana a kango a bayan Asibitin Malam Aminu Kano daga Disamba zuwa Mayu ba ya cikin littafin kowa, domin babu ma'aikacin da aikinsa ne ya san ranar da ya iso. Mu kuwa mun sani, tun da a masallacinmu ubansa yake salla.

Yadda wasu suka yi, da abin da muke da shi tun da

Ba mu kaɗai ke da masu bin aiki da yanayi ba. A Indiya, dokar haƙƙin ilimi ta 2009 ta hana a mayar da yaro saboda ya zo bayan an rufe ɗaukar ɗalibai, ta hana a ƙi shi don ba shi da shaidar shekaru, ta kuma ce jinkirin takardar canjin makaranta ba hujja ba ce ta hana shi shiga aji. A jihar Odisha, inda iyalai kan tafi aikin ƙona bulo na watanni, an buɗe gidajen kwana na wucin gadi a ƙauyuka domin yara su zauna su ci gaba da karatu har iyaye su dawo. A jihar Maharashtara kuma an yi makarantu a gefen masana'antun sukari domin 'ya'yan masu saran rake. A Amurka an kafa shirin ilimin 'ya'yan ma'aikatan gona masu ƙaura a 1966, a 1969 kuma aka buɗe ma'ajiyar bayanai guda a jihar Akansas, domin duk makarantar da yaro ya sauka ta san inda ya tsaya a wadda ya baro. Hanyoyin sun bambanta, amma abubuwa biyu suke kamawa: kada a rufe ƙofa saboda wata, kuma shaidar karatu ta riƙa bin yaro.

A ganinmu ba sai mun je Indiya ba kafin mu fahimci wannan, domin makarantar allo ta warware shi tun ƙarnoni da suka wuce. Makarantar allo ba ta da zango, ba ta da ranar rufe rajista. Kowane yaro da nasa karatun. Idan ya bar Gumel ya sauka Tarauni, allonsa yana rataye a kafaɗarsa, malamin da ya karɓe shi zai duba allon ya ce ya biya, nan take ya san inda zai ɗora masa. Malamai da kansu sukan yi cin rani da ɗalibansu, su koma gona da damina, karatu bai tsaya ba. Ba muna cewa tsangaya ba ta da nata matsalolin a yau ba, rahotanninmu na baya sun yi magana a kansu. Muna cewa tsarin da ya dace da mutanen da ruwa ke juya wa shekara muna da shi a gida, boko ne ya zo da kalandar da ba ta san da kaka ba.

Har masana ilimin zamani sun dawo kan wannan hanya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da tsarin da ake gwada yaro na 'yan mintoci, a ga ko haruffa ya sani, ko kalma, ko jimla, sai a haɗa shi da waɗanda suke daidai da shi ba tare da duba shekaru ko aji ba. An gwada wannan tsari da harshen Hausa a makarantun ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa daga 2019. Shi muke son bi a azuzuwan rani, domin yaron da zai yi wata biyar kacal ba shi da lokacin zama a ajin da ya fi ƙarfinsa ko wanda ya wuce.

Ina zakka take shiga?

Nan ne ya kamata mu yi taka-tsantsan, domin dukiyar amana ce. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka kashi takwas, babu mai ikon ƙara na tara. Wasu sukan ɗauka ɗan cirani yana shiga ƙarƙashin matafiyi, wato ibnus sabil. A mazhabar Malikiyya wannan kaso na baƙon da guzuri ya yanke masa ne, yana bukatar abin da zai kai shi gida. Ɗan ciranin da aka sace wa kuɗi ko ciwo ya kwantar da shi har ya rasa na mota ya shiga ciki. Wanda yake aikinsa yana samu kuwa bai shiga ba. Ƙofar da ta fi dacewa da shi ita ce ta faƙiri, domin malamanmu sun bayyana faƙiri da wanda bai mallaki abincin shekararsa ba. Mutumin da rumbunsa ba zai kai shi wata kaka ba, kuma abin da sana'arsa ke kawowa bai cike ba, faƙiri ne ko da yana da gona, ko da yana da lafiya.

Maganar cewa ba ɗan unguwa ba ne kuwa ba ta da gurbi a fiƙihu. Abin da Malikiyya suka ce shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ga mabukatan da ke wurin. Ba a shardanta takardar shaidar ƙaramar hukuma ba, ba a shardanta ɗan ƙasa ba. Bamaraɗen da ke kwana a Darmanawa ranar da aka fitar da zakkar Darmanawa yana cikin mabukatan wurin.

Saboda haka ya halatta a ba uba ko uwa ko mariƙin yaro zakka a hannu, a mallaka masa, a shawarce shi ya yi wa yaro kayan makaranta da ita. Ta wannan hanya ma za a iya rage masa asarar abin da yaron yake kawowa daga talla ko bola, wanda shi ne ainihin abin da ke hana iyaye da yawa sakin yara. Amma albashin malami, da hayar ɗaki, da benci da allo da alli, ba a mallaka wa wani faƙiri su ba. Jumhurun malamai, har da Malikiyya, ba su yarda a yi irin waɗannan ayyuka da zakka ba, kamar yadda ba a gina masallaci da ita. Mun san wasu malaman zamani, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi a littafinsa na fiƙihun zakka, sun faɗaɗa ma'anar fi sabilillahi har ta haɗa da wasu ayyukan ilimi da da'awa. Muna girmama wannan ra'ayi, amma gidauniya ta zaɓi hanyar da babu saɓani a kanta, domin mai zakka ya kwana da tabbacin farillarsa ta sauka.

Akwai kuma matsalar lokaci, ita ma ta watanni ce. Yawancin masu ba mu zakka a Ramadan suke fitarwa. Azumin 1446 ya kama ranar 1 ga Maris 2025, kuma yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai wajen 2033 zai faɗo a Nuwamba. Ke nan a 'yan shekarun nan kuɗin zakka yana shigowa ne bayan an ci rabin rani, alhali bukatar yaro a makon da ya iso take. Gaggauta zakkar kuɗi kafin shekara ta cika kuwa, a Malikiyya, ba a yarda ya wuce kamar wata guda ba.

Ƙofar waƙafi

Abin da zakka ba za ta ɗauka ba, waƙafi yana ɗauka, kuma don irin wannan aka shar'anta shi. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara bisa shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin waɗanda ya ambata su ci amfaninta har da matafiyi da baƙo. Mutanenmu da yawa idan aka ce hubusi sai su tuna gida ko fili da attajiri ya bayar har abada, su ce wannan ba namu ba ne. Alhali mazhabar da muke bi ta fi kowace sauƙi a wannan babi. A wajen Malikiyya ba sharaɗi ba ne waƙafi ya dawwama, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil da Aƙrabul Masalik na Shaihu Dardir. Mutum yana iya yin waƙafin amfanin abu na wani lokaci da ya ƙayyade, ko da abin haya ya kama, idan lokacin ya cika ya koma hannunsa. Ana kuma yin waƙafin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da kujeru.

A duba yadda wannan ya dace da cin rani. Mai zaure ko gareji ko shagon da ba kowa yana iya cewa ya yi waƙafin amfaninsa daga Disamba zuwa Mayu domin karatun 'ya'yan baƙi, da damina ya karɓi abinsa. Makarantun Islamiyya da yawa a unguwanninmu da yamma ko da dare suke aiki, azuzuwansu a rufe suke da safe, hukumar makaranta tana iya bayar da safiyar. Mai shago a kasuwar Tarauni yana iya ware hayar wata shida ta zama alawus ɗin malami. Kayan makaranta ma, maimakon a ɗinka wa kowane yaro ya tafi da su, ana iya ɗinka su a matsayin waƙafi, a ba yaro aro, idan zai tafi a wanke a ajiye wa na baɗi. Muna shawartar duk mai niyya ya rubuta sharaɗinsa a gaban shaidu biyu, ya kuma miƙa mabuɗi ga kwamiti, domin a Malikiyya waƙafi ba ya kammala sai an karɓe shi daga hannun mai shi. Wanda nasa babba ne, kamar gida ko fili, za mu raka shi Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, domin a sanya shi a rajista.

Abin da muke roƙon kwamitocin masallatai

Ba makaranta za mu gina ba, kuma ba ma son a ware 'ya'yan baƙi a wani ɗaki har rani ya ƙare. Manufa ita ce yaro ya shiga makarantar gwamnati da ke kusa da shi. Ajin rani matakala ce ta makonni, inda za a gwada shi, a ɗaga karatunsa da lissafinsa, kafin a raka shi. Aikin farko na kwamiti shi ne sani. Liman ko ladan ko wani dattijo da baƙin suka saba da shi ya tambaye su cikin hira wa ya zo da iyali, yara nawa, wane aji suka baro. Kada a tura matasa da takardu, kada a ɗauki hoto, kuma a faɗa musu a fili cewa sunayen ba za su bar hannun kwamiti da makaranta ba. Mata kuwa sai mata: malaman Islamiyyar matan aure sun fi mu sanin gidajen da 'yan aikatau suke. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, wasu daga cikin yaran nan a gidajenmu suke wanke-wanke yayin da namu suke aji. Wanda ya saki 'yar aikinsa awa uku da safe ya riga ya ba da gudummawa kafin ya sa hannu a aljihu.

Na biyu shi ne rakiya. Uban da ya je shi kaɗai da rigar aiki yakan dawo da "a zo baɗi". Idan ɗan kwamiti ya tafi tare da shi, musamman wanda yake cikin kwamitin al'umma na makarantar, magana takan sauya. Gidauniya za ta nemi zama da sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Tarauni kafin kaka, domin a samu fahimta a kan karɓar yara a farkon zango na biyu, a kuma taimaka wa iyaye su karɓi takardar haihuwa daga ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Na uku shi ne katin da muke kira allon tafiya. Kati ne mai kauri da za a rubuta da Hausa, boko da ajami, ɗauke da sunan yaro, da watannin da ya halarta, da matakin da ya kai a karatu da lissafi, da surar da ya tsaya, da sa hannun shugaban makaranta da na liman. Idan zai koma gida a Mayu ya tafi da shi, ya nuna wa malamin ƙauye, a Nuwamba ya dawo da shi an ƙara rubutu. Ba takardar hukuma ba ce, ba za mu iya tilasta wa kowa ya karɓe ta ba. Amma malami ya fi son yaro mai shaida a kan wanda ya zo hannu rabbana, kuma da yake yawancin 'yan cirani unguwa ɗaya suke sauka kowace shekara, daga garuruwa sanannu, cikin shekara biyu ko uku malaman ɓangarorin biyu za su san juna ta waya.

Sauran tambayar 'ya'yan unguwa da ke zaune a ƙasa. Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarmu ita ce duk bencin da waƙafi ya saya wa makaranta saboda baƙi a makarantar zai zauna, ɗan unguwa ne zai hau shi da damina. Ajin rani ma ba za a kori ɗan unguwar da karatu ya gagara ba. Yaran da aka bari a ƙauye kuwa hannunmu ba ya kai gare su, sai dai ta hanyar iyayensu da ke sahu tare da mu, da kuma 'yan'uwanmu masu gidauniyoyi a can.

Muna roƙon kowane kwamiti ya ba sakatariya sunan mutum ɗaya namiji da mace ɗaya da za su riƙe wannan aiki kafin ƙarshen Oktoba, tare da bayanin ɗakin da aka samu, in an samu. Takardar rubuta waƙafi na ƙayyadadden lokaci tana sakatariya, kuma a rasit ɗin bana an raba gurbin zakka da na waƙafi da na sadaka, domin mai bayarwa ya nuna da kansa inda yake son kuɗinsa ya shiga.